Dutsen Taimamar Yaya Dije

Da sunan Allah nake farawa, wanda ya shimfiɗa ƙasa ya kafa mata duwatsu. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

A shekarar da aka kawo ƙwallon Afirka Garwa, lokacin da baƙi daga Najeriya suka cika gari har masauki ya gagara, ni ko sau ɗaya ban leƙa filin ba. Mutane suna shigowa Garwa da tutoci, ni ina fita da dutse a jaka. Tun da na dawo abokan zamana na kasuwa ba su bar ni na huta ba. Wannan ya ce, "Malam Isiyaku, da gaske ne an gan ka goye da dutse kamar mai jego?" Wancan ya ce in sake ba shi labarin jandarma. Na gaji da maimaitawa, shi ya sa na zauna in rubuta shi, wanda ya tambaya a miƙa masa.

Yaya Dije ita ce babbarmu. Mahaifiyarmu ta rasu ina jariri, ita ce ta goya ni tana yarinya, har bakin Binuwai take zuwa wanki da ni a baya. Har muka tsufa ba ta daina yi mini gori ba. In na shiga gaishe ta sai ta ce, "Isiya, ina bin ka goyo fa. Ka yi furfura ba ka biya ba." In ce, "Yaya, ai sai ki hau in kai ki kasuwa." Ta ce, "Wannan bayan naka? Ko tulu ba zan ɗora masa ba."

Kusan shekara goma ke nan wata cutar fata ta kama mata hannu da ƙafa. In ruwa ya taɓa, sai fatar ta tsage. Likita ya hana ta alwala, ciwon gwiwa kuma ya ɗaure ta a gado, sai ta koma taimama. Ina da wani abokin ciniki a lokacin, Tumba, Kirista ne mutumin wajen Bidzar, mai fasa dutse. A rumfata yake sayen guduma da ƙarfen fasa dutse. Da ya ji halin da ake ciki, zuwansa na gaba sai ga shi da wani farin dutse mai faɗin ƙaramin faifai, ya goge shi sumul, ya ce in kai wa Yaya. Dutsen nan ya zauna a gefen matashinta, salla biyar a kullum, har tsakiyarsa ta yi duhu da tafin hannu.

Ana haka ɗanta Sa'idu, wanda ke aikin awon hanya a kudu, ya zo kallon ƙwallo. Ya ɗauki dutsen yana juyawa, ya ce, "Dada, ai wannan shi ne marbur. Dafaffen dutse ne." Ya ajiye, ya tafi abinsa.

Kalma ɗaya ce, amma ta hana Yaya sukuni. A gidanmu mun karanta, ita ma ta karanta, cewa taimama da fuskar ƙasa ake yin ta yadda Allah ya halitta: turɓaya, yashi, dutse. Abin da mutum ya ƙona har ya sauya, kamar jan bulo ko farar ƙasar shafe da aka gasa, ya fita daga hukuncin. To in dutsen nan dafaffe ne, ina taimamarta? In babu taimama, ina sallar shekarun nan? Ta sa aka ɗebo mata yashin Binuwai a tire, ta fara ramuwar salla. In ta yi azahar sai ta bi ta da wata, da wata, har numfashinta ya riƙa sarƙewa. Abinci ma ta rage. Na kira Sa'idu na ce ya gyara maganarsa. Ya ce, "Kawu, zafi ne ya dafa shi, haka aka koya mana." Ya ƙara dagula ruwan. Limaminmu ya ce in daga ƙasa aka ciro shi a haka, babu komai a kanta, kuma Allah ba ya ƙuntata wa mara lafiya. Na kai mata wannan. Ta ce, "Kai ka ga inda aka ciro shi?" Na ce ban gani ba. Ta ce, "To gani ya kori ji. Ɗauki dutsen ka je."

Na shiga motar Bidzar da hantsi. An matse ni tsakanin wata mai busasshen kifi da wani ɗan Mubi da muryarsa ta dushe saboda ihun ƙwallo, duk da haka bai fasa ba mu labarin wasan ba. Muka wuce tsaunin Tingilin, mai kai a shafe kamar an ɗora masa faifai. Tun ina yaro nake ganinsa, ban taɓa tambayar kaina da me aka yi shi ba.

Gaba da Pitowa jandarma suka tsayar da mu. Wani dogo ya duba katina, ya ɗaga jakata, ya ji nauyi. Ya tambaye ni da Fulatanci me ke ciki. Na ce dutse. Ya ce wane irin dutse, na zinariya? Ya kira babbansu, mutumin kudu ne, bai san taimama ba. Bayani ya ƙi ƙarewa, sai na ajiye dutsen a bakin hanya, na buga tafina a kai, na shafi fuska da hannuwa, mota guda tana kallona. Babban ya ce, "Kowa daga Figil yake kawo dutse Garwa, kai kana mayar da shi. Bai yi aiki ba ne?" Aka yi dariya. Da direba ya gaya masa zancen mara lafiya ne, da kansa ya mayar mini da shi jaka, ya ce Allah ya ba ta sauƙi.

A Figil gabana ya faɗi. Garin fari fat, itatuwa ma sun yi fari. Ga manyan motoci suna shiga masana'anta da farin dutse irin na Yaya, ga dogon bututu yana fitar da hayaƙi. Na tambayi mai ƙosan da na saya a wajenta, me ake yi a ciki? Ta ce gasa dutse ake yi, a sami siminti da farar ƙasa. Na ce a raina shi ke nan, Sa'idu ya yi gaskiya. Ƙosan nan ban ji ɗanɗanonsa ba.

A Bidzar na sauka na hau moto, wato babur ɗin haya, zuwa ƙauyen Tumba. Mai moton yana gudu kamar an aiko shi ɗebo wuta. Muka faɗa wani rami, igiyar jakar ta tsinke, na ji ƙarar abu a bayanmu. Da na buɗe, dutsen Yaya ya rabe biyu. Na yi salati na zauna a gefen hanya. An aike ni in binciko asalinsa, ga shi na fasa shi tun ban isa ba.

Tumba ya tsufa, ƙurar dutse ta cinye masa ido ɗaya. A Mubi ya koyi Hausa yana saurayi, kuma bakinsa bai mutu ba. Ya riƙe hannuna ya ce, "Malam, ko ɓatan hanya ka yi? Shekara nawa ina cewa ka zo." Matarsa Marta ta shimfiɗa mini sabuwar tabarma. Na lura sun ja zana sun rufe wasu manyan tukwane a bayan rumbu, na giyar dawa da suke kira bilbil, sai ka ce ban zo da hancina ba. Na yi kamar ban ji ba, su ma suka yi kamar babu. Suka aika aka kira wani maƙwabcinsu Musulmi ya yanka kaza. Tumba da kansa ya share mini wuri ya nuna mini gabas.

Aka kawo tuwon jar dawa da miyar tafasa da gyaɗa. A gida in ka ce bismilla sai ka sa hannu. Na ce bismilla na yanko loma, sai na ga kowa ya rufe ido, Tumba ya fara addu'arsu. Addu'ar nan ba gajera ba ce, har sunan Yaya Dije na ji a ciki. Na riƙe lomar a sama, miya tana bin gwiwar hannuna, ban san in kai baki ko in mayar ba. Da suka buɗe ido Marta ta yi ta dariya har da hawaye.

Bayan mun ci na fito da ɓarin dutsen biyu na faɗi abin da ya kawo ni. Tumba ya ce, "Ni da hannuna na ciro shi a rami, ban kai shi wuta ba. Amma kada in ɓoye maka, 'yata Kiza ma haka take cewa, wai dafaffe ne. Na ce mata tun kafin a haife ta nake cikin ramin nan, ban taɓa ganin murhu ba." Wannan ya sa hankalina ya rabu biyu kamar dutsen. In mutum biyu masu karatu sun ce dafaffe, Yaya ba za ta saki maganar ba sai an gaya mata wa ya dafa. Kiza tana koyar da ilimin ƙasa a babbar makarantar Gider. Muka shirya zuwa wajenta da safe.

Kiza mace ce mai natsuwa, Hausarta ta kasuwa ce, in ta maƙale ta cike da Fulatanci. Ta durƙusa ta gaishe ni, ta karɓi ɓarin dutsen ta juya shi a rana. Ta ce, "Baba, fashewar nan alheri ce. Dubi cikinsa." Na duba, sai ƙyalli yake, ƙwaya-ƙwaya kamar sukari. Ta ce ba za ta yi mini bayani a zaune ba, mu je Kola.

Kola wani kwazazzabo ne a bayan gari, inda kogin Mayo Luti ya ratsa dutse. Da rani ruwan ya janye, mutum yana tafiya a ciki, bango ta dama bango ta hagu, baƙi-baƙi da fari, sumul kamar an lashe. Akwai ramuka a jikin dutsen kamar tukwane. Ta ce ruwa ne ya yi su, yana juya tsakuwa a wuri ɗaya damina bayan damina. Tumba ya shafa ya ce, "Wannan ma'aikacin ya fi ni haƙuri."

Kiza ta dafa bangon ta ce mini, "Baba, wannan a dā narkakke ne a can cikin ƙasa, kamar alewa a tukunya. Ya huce sannu a hankali, shi ya sa ƙwayoyinsa suka sami lokacin girma, ga fari, ga baƙi, ka gan su da ido. In kuwa narkakken ya fashe ya fito waje, kamar yadda tsaunin Buya ke aman wuta a kudu, da sauri yake daskarewa, ya fito baƙi, ba ka ganin ƙwaya. Dogayen duwatsun Rumsiki ma abin da ya daskare ne a maƙogwaron irin waɗannan tsaunuka."

Sai ta sunkuya ta ɗebo yashi ta zuba mini a tafi. Ta ce in duba da kyau. Fari da baƙin da ke bangon, su ne a hannuna, ƙanana. Ta ce, "Yashin nan ɗan dutsen nan ne. Rana ta gasa, sanyi ya kama, ruwa ya ɓantara. Damina ta kwashe shi zuwa Mayo Kebi, Mayo Kebi ya miƙa wa Binuwai, ya wuce ta ƙofar gidanku." Na tuna tiren da ke gefen gadon Yaya. Ashe ta gudu daga dutse ne ta faɗa hannun ɗansa.

Ta ce yashin in ya kwanta, wani ya hau kansa, wani ya hau, nauyi ya danne na ƙasa, ruwa ya bi tsakani ya liƙe shi, sai ya sake zama dutse. Tingilin ke nan, in ka goga shi da ƙarfi yashi ne zai zubo. Shi kuwa farin na Yaya, taɓo ne mai farar ƙasa da ya kwanta a gindin wani tsohon teku, ya daskare ya zama dutse mai laushi. Tumba ya ce, "Teku a Bidzar? Da uwarki ba ta yi sanƙo da ɗaukar ruwa ba." Ta ce, "Baba, ka makara ne, an kwashe kafin ka zo." Daga nan, in ji ta, ƙasa ta motsa, dutsen ya nutse can ƙasa, zafi da nauyi suka kama shi har ya zama abin da ke hannuna. Da ya ƙara nutsewa da ya narke, a koma farko. Ta faɗi yawan shekarun, kaina bai ɗauka ba. Na ce Allah ne masani. Abin da na riƙe shi ne, dutsen da muke misali da shi wajen rashin motsi, ashe shi ma matafiyi ne, saurinsa ne ba irin namu ba. Babu mai tabbata a hali ɗaya sai wanda ya yi su.

Muka fito muka zauna a inuwa, wata mata tana sayar da gwanda, Tumba ya saya ya yanka. Na ce, "'Yata, na ji duk wannan, na gode. Amma tambayar Yaya ɗaya ce. Wa ya hura wutar?"

Ta ce, "Babu wanda ya hura, Baba. Babu itace, babu harshen wuta. Zafin cikin ƙasa ne. Bai ƙone ba, bai narke ba. Ƙwayoyinsa ne suka haɗe suka girma, ya yi ƙarfi, ya yi ƙyalli. Da Faransanci mukan ce wa yara kamar an dafa shi, don su gane."

Ina riƙe da yankin gwanda. Na dube shi, na ce, "Wannan wa ya dafa ta?"

Ta ce, "Ba a dafa gwanda."

Na ce, "Amma ɗanya ce a dā, zafi ya bi ta a hankali har ta sauya. Mu a Hausa tuwo ya nuna, gwanda ta nuna. Tuwo ne kaɗai ke da mai dafawa."

Ta juya kalmar a bakinta. Ta ce, "Haka ne. Nuna ya yi. Ka ara mini ita in kai aji." Tumba ya ce, "Da tun farko kin ce haka, da ba mu yi shekaru muna musu ba."

Da muka koma ƙauye Tumba ya ce saura in ga dafaffen na gaskiya. Ya buɗe wata garwa da ya rufe da kyau, ragowar farar ƙasar da suka shafe cocinsu da ita a Kirsimeti. Ya ɗauko dunƙule ɗaya, wanda ya shiga wutar Figil, ya ajiye kusa da ɓarin dutsen Yaya, ya zuba musu ruwa. Dunƙulen ya yi tsuwa, ya fitar da tururi, ya ruguje ya zama kunu. Na Yaya kuwa wanka kawai ya yi. Na tuna sau nawa aka wanke shi a gidanmu bai ce uffan ba.

Sannan muka je ramin, Marta tana biye da mu da ruwan sha. Muka gangara ta wata siririyar hanya. A ƙasa na ga farin dutsen a gidansa, haɗe da ƙasa, saiwar itace ta riƙe shi, ƙadangare yana shan rana a kai. Na kara ɓarin Yaya a jikinsa, uwa ɗaya uba ɗaya. Tumba ya miƙo mini guduma, na gane ta, daga rumfata ta fito, ƙota kawai aka sauya. Ya nuna mini jijiyar da zan bi. Na yi bismilla na fara. Mai sayar da guduma ashe bai iya riƙe ta ba. Na bugi babban yatsana har farcen ya yi baƙi kafin wani falle mai kyau ya ɓalle, ya fi tsohon girma da kauri.

Fitowa ita ce aiki. Hanyar tana son hannu biyu, jakata kuwa ta mutu tun ranar moto. Tumba ya ce in kawo ya ɗauka. Na ce a'a, Yaya za ta tambaye ni hannun wa ya bi. Marta ta warware zanen da ta yi gammo da shi, ta ce in sunkuya. Ta ɗora mini dutsen a baya, ta ja zanen ta ɗaure a ƙirjina, ta ƙara ɗaurin ƙasa yadda ake yi wa jariri. Haka na hau, da rarrafe, gemuna yana shan ƙasa. Masu aikin rami suka ajiye guduma. Wani ya ce, "Barka da arziki, Malam. Mace ce ko namiji?" Wani ya ce a gaya musu ranar suna. Akwai direban babbar mota ɗan Garwa a wurin, ta bakinsa labarin ya riga ni isa gida.

Tumba ya kwana biyu yana goge dutsen, da ruwa da wani guntun dutsen yashi irin na Tingilin. Na zauna ina kallon jika yana gyara kaka. Da zan tafi na rasa bakin godiya. Mutanen nan ba addininmu ɗaya ba, amma sun ɗauki sallar tsohuwar da ba su taɓa gani ba kamar kayansu. Allah ya saka musu, ya saka wa Kiza, har da jandarman Pitowa. Marta ta ce in tafi da zanen, mai jego ba ya tafiya ba majanyi.

Na iso Garwa gab da la'asar, ban biya gidana ba. Yaya ta rame, tiren yashi yana gefenta. Na ajiye sabon dutsen, na ajiye ɓarin tsohon, na ba ta labari tun daga Pitowa. Ta saurara kamar alƙali.

Ta ce, "Ka ga wuta?"

Na ce, "Na gani a Figil, amma ba ta taɓa naki ba. Na ga wanda ta taɓa, ruwa kawai ya rusa shi."

"Wannan fa, wa ya ciro?"

Na nuna mata farcena.

"To me Sa'idu yake nufi?"

Na ce, "Kalma ce ta kuɓuce masa, Yaya. Ba dafa shi aka yi ba. Nuna ya yi a cikin ƙasa, kamar gwanda a kan uwarta. Wanda ya nunar da gwanda shi ya nunar da shi."

Ta ɗauki ɓarin tsohon, ta shafa duhun da tafinta ya bari, hawaye ya zubo mata. Ta ce, "Ashe suna nan." Sallolinta take nufi. Aka kira la'asar. Ta buga tafinta a kan sabon dutsen, ta yi taimama, ta yi salla a zaune. Na jira in ga ko za ta tayar da wata. Ta shafa addu'a, ta ce wa jikarta a kawo mata kunu, yunwa take ji.

Tana sha ta dube ni ta gefen ido. Ta ce, "An ce goya shi ka yi."

Na ce, "Wa ya gaya miki?"

"Garwa duka. Juyo in ga bayan."

Na juya. Ta ɗaga rigata ta taɓa inda gefen dutsen ya kurje ni. Ta ce daga ina zuwa ina? Na ce daga gindin rami zuwa gidan Tumba. Ta ce, "Bai kai daga gidanmu zuwa Binuwai ba. Kuma shi bai yi maka fitsari ba."

Na ce, "Bai yi ba, Yaya."

Ta saki rigar, ta gyara mini ita a kafaɗa kamar yadda take yi ina yaro. Ta ce, "Duk da haka na karɓa. Je ka, Isiya, ka biya goyo."